Waiwaye: taswirar annoba da ƙauyukan da ba sa fitowa a cikinta

Idan annoba ta ɓarke a Kano, taswirar da ake nuna wa jama'a kusan iri ɗaya ce: Fagge da Dala da Gwale da Ungogo sun yi jajir, ƙananan hukumomin nesa kuwa sun yi fari. Wanda bai san ƙauye ba sai ya ce sun huta. Alhali abin da taswirar ke ƙirgawa shi ne waɗanda suka kai asibiti aka rubuta sunansu. Wanda ya cika a kan amalanke kafin a fito titi ba ya ciki.

Sa cuta a taswira tsohon aiki ne. A 1854 wani likita, John Snow, ya yi wa gidajen da kwalara ta yi kisa alama a unguwar Soho ta Landan, sai ga alamun sun yi cincirindo kusa da wani famfo a titin Broad, aka cire hannun famfon. Amma shi yana da rajistar mamata da zai duba. Mu nan, a rasu da hantsi, a binne kafin azahar, ba takarda ba komai.

Namu tarihin daga sankarau na 1996 ya kamata a ɗauko shi. Cutar ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. A Asibitin Zana na Kano ne kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara 200, 11 suka rasu. Zargin da wannan ya haifar yana cikin abin da ya sa Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, sai a 2004 aka dawo da shi, bayan cutar ta tsallaka wasu ƙasashe.

Abin mamaki, shan innar ce ta jawo aka zana ƙauyukanmu da kyau. Da, taswirar masu rigakafi da biro ake zana ta, bisa abin da mai unguwa ya faɗa. Rugar Fulani da ta tashi bara ba ta ciki. Unguwar da ke kan iyakar mazaɓu biyu, kowane ɓangare ya ɗauka ta ɗan'uwansa ce, sai a yi zagaye bayan zagaye ba wanda ya leƙa ta. Daga wajajen 2012 aka koma amfani da hotunan tauraron ɗan'adam, aka kuma riƙa haɗa masu ɗigon da waya mai nuna duk inda suka taka, aikin da ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano ta yi fice a kai. Duk ɗan ƙauye ya san matan nan: hijabi, akwatin ƙanƙara a kafaɗa, alli na rubutu a jikin katanga, tawada a ƙaramin yatsan yaro. Da yamma kwamfuta ta nuna lungun da aka tsallake, gobe a koma. Yaro na ƙarshe da shan inna ta daji, wato asalin ƙwayar cutar ba wadda ta samo asali daga ɗigon rigakafi ba, ta kama a jihar Kano a Sumaila yake, a Yulin 2014.

Sai dai wannan taswira ta kai rigakafi gida ce. Ba a yi ta don kai mara lafiya asibiti ba, kuma korona ta tona hakan. An samu mutum na farko a Kano ranar 11 ga Afrilun 2020, kuma masu haƙar kabari ne suka fara cewa gawarwaki sun yi yawa, ba ɗakin gwaji ba. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mace-mace 979, kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na da alaƙa da cutar. Ƙirgen na ƙananan hukumomi 8 ne na birni, a jihar da ke da 44. A daidai lokacin ana ta kwasar almajirai ana mayar da su jihohinsu, ciki har da Jigawa, inda gwaji ya nuna wasu na ɗauke da cutar.

Kwalarar 2021, wadda aka yi zargin ta kama sama da mutum 100,000 kuma Kano da Jigawa suna cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna, ta fito da ɗaya matsalar, wato nisa. Mai amai da gudawa awoyi kaɗan gare shi. Tsarin gwamnati shi ne kowace mazaɓa ta samu asibiti ɗaya mai aiki, kuma a takarda ɗigon asibitin na iya zama kilomita biyar daga ƙauye. Takardar ba ta faɗin ko akwai ruwan ƙari a ciki, ko ma'aikacin a garin yake kwana. Ba ta san damina ba. A ambaliyar 2022, a yankin Auyo da Miga da Kafin Hausa na jihar Jigawa, tafiyar da ɗan acaɓa ke yi da rani kafin ka gama gaisawa ta koma sai an jira kwalekwale, a sauka, a sake neman abin hawa zuwa Haɗeja ko Jahun.

Mashaƙon da ya ɓulla a ƙarshen 2022 ma haka taswirarsa ta fito, birni ja, gefe fari. Yaron ƙauye da wuyansa ya kumbura kuwa, kemis ake fara kai shi, sai abin ya ƙi sannan a nemi kuɗin mota.