Facin manhajar tushe da direbobi daga nesa

Facin manhajar tushe da direbobi daga nesa aiki ne da sashen kula da kwamfutoci na kamfani ko ma'aikata ke yi, inda yake tura gyara zuwa ɗaruruwa ko dubban kwamfutoci ta hanyar sadarwa, ba tare da wani ya taka ya je gaban kowace na'ura ba. Reshe ne na aikin faci gaba ɗaya, amma ana ware shi gefe saboda abin da yake taɓawa yana ƙarƙashin babbar manhaja irin su Windows da Linux. Idan facin manhajar rubutu ya zo da matsala, ta hanyar da aka turo shi ake bi a cire shi. Idan kuwa na manhajar tushe ne ko na direban katin sadarwa, hanyar da za a bi a yi gyaran ita ce take fara yankewa. Kusan duk ƙa'idojin wannan aiki daga nan suka samo asali.

Abin da ake yi wa facin

Manhajar tushe, wadda masu sana'ar ke kira famwe, tana zaune ne a cikin wata 'yar ƙwayar ajiya da aka manna a kan babban allon kwamfuta. Ita ce ke fara farkawa idan an danna makunni. Tana duba furosesa da ma'adanar wucin gadi, ta tayar da sauran sassa, sannan ta miƙa ragama ga babbar manhaja. Tsohon tsarinta shi ne BIOS, wanda ya yaɗu tare da kwamfutar IBM PC ta 1981. Daga baya UEFI ya gaje shi, tsarin da ya taso daga wani aikin kamfanin Intel, kuma tun 2005 wata ƙungiyar kamfanoni ce ke kula da ƙa'idojinsa. Har yanzu dai bakin ma'aikata bai bar cewa BIOS ba.

Kwamfuta ɗaya ba famwe ɗaya take ɗauke da shi ba. Faifan ajiya yana da nasa, katin sadarwa yana da nasa, haka ƙwayar tsaro ta TPM, da ƙaramin sashen da ke kula da batir da fanka da madannai, har da tashar da ake jona laftof a tebur. Furosesa ma tana da gyare-gyarenta da ake kira maikurokod, waɗanda ake loda mata duk lokacin da aka kunna na'ura.

Direba kuwa manhaja ce da babbar manhaja ke amfani da ita wajen magana da wani sashe na na'ura, kamar katin hoto ko firinta. A faifai take zama, don haka canza ta ya fi sauƙi. Sai dai direbobi da yawa a cikin zuciyar babbar manhaja suke aiki, wurin da ba a yafe kuskure: tuntuɓe ɗaya, sai kwamfutar ta tsaya cik ta nuna allon kuskure. Shi ya sa tun fitowar Windows 10 mai lamba 1607 a shekarar 2016, Microsoft ya wajabta cewa sababbin direbobi na wannan mataki sai da sa hannunsa na dijital.

Me ya tilasta shi

Shekaru da dama shawarar da ake ba ma'aikata ita ce kada su taɓa BIOS sai in wata matsala ta matsa. Shawara ce mai hujja a zamaninta, domin sabuntawar kan buƙaci filas ko faifai da mutum a tsaye, kuma ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na iya mai da kwamfuta gawa. Tsaro ne ya rushe wannan al'ada.

An daɗe da sanin cewa ana iya kai wa wannan ƙwaya hari, tun ƙwayar cutar CIH ta 1998 da ke goge BIOS na wasu kwamfutoci. Amma 2018 ce ta sauya lissafi. A watan Janairunta aka bayyana raunin Spectre da Meltdown a ƙirar furosesoshi, kuma wani ɓangare na maganin Spectre sai da sabon maikurokod, wanda ke nufin sabunta famwe a kusan kowace kwamfuta da kamfani ya mallaka. A watan Satumba kuma kamfanin tsaro na ESET ya ba da rahoton LoJax, mugun shiri na farko da aka kama ana amfani da shi a zahiri yana ɓuya a cikin UEFI. Irin wannan ko an goge faifai an sake zuba Windows, ko ma an canza faifan ɗungurungum, yana nan daram. A 2023 aka ga BlackLotus, wanda ke tsallake shingen Secure Boot, tsarin da ke hana manhaja marar sahihin sa hannu tashi lokacin kunnawa, a Windows 11, sai kuma LogoFAIL a ƙarshen shekarar, rauni a sashen da ke karanta hoton tambarin kamfani da ke bayyana lokacin kunnawa.

Direbobi ma ba a bar su a baya ba. A watan Mayun 2021 masu bincike na SentinelOne suka bayyana rauni a wani direban Dell da ake rabawa tun 2009, kuma abin dariyar shi ne manhajojin sabunta famwe ne ke girka shi. Masu kutse sun koyi zuwa da tsohon direba mai rauni amma mai sahihin sa hannu, su girka shi da kansu don su shiga zuciyar babbar manhaja. Don haka Microsoft ke riƙe da jerin direbobin da ya haramta lodawa.

Yadda facin ke isa

Hanyar da ta fi karɓuwa yanzu ita ce ta ƙunshin UEFI. Kamfanin da ya ƙera kwamfutar yana naɗe sabon famwe a fayil ɗaya mai sa hannunsa. Kwamfutar kuma tana da wani jadawali, ESRT, da ke sanar da babbar manhaja sassan da za a iya sabuntawa da lambar fitowar da kowanne yake kai. Babbar manhaja ba ta rubuta komai a ƙwayar da kanta. Ajiye ƙunshin kawai take yi ta nemi a sake kunnawa. Famwen da ke kai ne zai duba sa hannun, in ya gamsu ya rubuta sabon a gurbinsa. Wannan tsari ya dace da jagorar da hukumar NIST ta Amurka ta fitar a 2011 kan kare BIOS, mai lamba SP 800-147.

Abin da mai kwamfutar ke gani ɗan kaɗan ne: allo ya yi baƙi, tambari ya fito da wani layi mai tafiya a hankali, fanka ta tashi da ƙara, na'urar ta mutu ta sake tashi sau biyu ko uku. Waɗannan 'yan mintoci su ne mafi haɗari a duk aikin, domin a nan ne mai gaggawar shiga taro ke ɗauka kwamfutar ta maƙale, ya danne makunni har ta mutu.

A ɓangaren Windows, kamfanoni sun daɗe da dogaro da WSUS da Configuration Manager, manhajojin Microsoft na raba faci waɗanda ke zaune a sabar cikin gida. Yanzu nauyin ya karkata zuwa Intune, da ke aiki ta intanet, wanda ya sami sashen amincewa da direbobi da famwe a 2023. A watan Satumban 2024 Microsoft ya sanar da cewa ya daina ƙara wa WSUS sababbin abubuwa. Masu ƙera kwamfutoci ma suna da nasu kayan aikin, kamar Dell Command Update, HP Image Assistant da Lenovo System Update, kuma sau da yawa sabon BIOS ta nan yake fara fitowa. A Linux akwai manhajar sabunta famwe ta fwupd da rumbun LVFS, aikin da Richard Hughes na Red Hat ya faro a 2015, wanda zuwa ƙarshen 2023 ya raba sabuntawa sama da miliyan 100.

Akwai kuma hanyar bayan gida, wadda ba ta jiran babbar manhaja. Intel AMT, da ke cikin kwamfutocin kasuwanci masu tambarin vPro, yana ba jami'i damar kunna kwamfuta, ya shiga saitin BIOS, ya ga allonta daga nesa ko da Windows ta ƙi tashi. Sabobi suna da makamancin haka, irin su iDRAC na Dell da iLO na HPE, da ƙa'idar Redfish ta sarrafa sabobi daga nesa, wadda ƙungiyar DMTF ta fitar a 2015. Ƙofa ce mai amfani ranar tsiya, amma ƙofa ce dai: a watan Mayun 2017 aka bayyana cewa ana iya shiga AMT ba tare da kalmar sirri ba, kuma gyaran kansa sai da sabunta famwe.

Rukuni bayan rukuni

Aikin yana farawa da ƙirga. Dole a san samfurin kowace kwamfuta da famwen da take kai, domin fayil ɗin da ya dace da wani samfuri guba ne ga wani. Kamfanin da ya tsaya a kan samfura kaɗan ya rage wa kansa wahala. Wanda ya tara iri-iri, musamman bayan haɗewa da wani kamfani, zai ga aikin gwajinsa ya ninka.

Daga nan ake kasa kwamfutoci rukuni-rukuni. Na farko kwamfutocin gwaji ne da na ma'aikatan sashen fasaha. Na biyu 'yan tsirarun ma'aikata ne daga sassa daban-daban. Sai an jira kwanaki an ga shiru, sannan a saki ga sauran jama'a. Kuskuren da aka fi yi shi ne cika rukunin farko da sababbin kwamfutoci masu ƙarfi, alhali matsalar tana jira a tsohon samfurin da ke sashen kuɗi. Rukunin gwajin da bai ƙunshi kowane samfuri ba sunan gwaji kawai yake da shi.

Batun BitLocker ya cancanci a tsaya a kansa. Wannan tsari yana kulle faifai, ya damƙa mabuɗin ga TPM, ita kuma ba ta sakinsa sai ta auna matakan kunnawa ta ga ba su canza ba. Sabon famwe canji ne. In ba a dakatar da kariyar kafin sake kunnawa ba, ma'aikaci zai wayi gari da allo yana neman lambar ceto mai alƙaluma 48. Sabuntawar da ta bi ta Windows Update takan dakatar da kariyar da kanta, amma mai tura fayil da rubutaccen umarninsa shi zai tuna da hakan. Ko ta wace hanya aka bi, sai an tabbatar lambobin ceto suna ajiye a wurin da za a same su ba tare da kwamfutar da ta kulle ba.

Sauran sharuɗɗan ƙanana ne amma suna tsayar da aiki. Laftof takan ƙi karɓar famwe in ba a jona ta da wuta ba ko batirinta ya yi ƙasa. Kalmar sirrin BIOS na iya hana wasu kayan aikin rubutawa. Ma'aikatan da ke aiki daga gida suna rufe laftof maimakon kashe ta, sai ƙunshin ya yi makonni yana jiran sake kunnawa, shi ya sa ake sanya wa'adi. Rahoton cewa an tura faci ma ba hujja ba ne. Hujja ita ce kwamfutar ta dawo ta faɗi sabuwar lambar fitowarta.

Inda aka yi tuntuɓe

Garin neman gira akan rasa ido. Maikurokod ɗin farko da Intel ya fitar don Spectre ya sa wasu kwamfutoci, musamman masu furosesar Broadwell da Haswell, suna sake kunna kansu babu gaira babu dalili. Ranar 22 ga Janairun 2018 kamfanin ya nemi a dakatar da girka shi, Microsoft kuma ya fitar da facin gaggawa da ke kashe wannan kariyar. Waɗanda suka yi jinkirin rukuni-rukuni sun tsira.

Misali mafi girma shi ne na 19 ga Yulin 2024. Kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura wani fayil na bayanai da direbansa ke karantawa a zuciyar Windows, fayil ɗin ya zo da aibi, kwamfutoci suka shiga faɗuwa suna sake tashi. Microsoft ya ƙiyasta na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa, jiragen sama da asibitoci da bankuna suka tsaya cik. Ba direban aka canza ba, abin da yake karantawa ne, kuma an sake shi ga kowa a lokaci guda. Kamfanin ya janye fayil ɗin cikin ɗan lokaci, amma kwamfutar da ba ta tashi ba ba za ta karɓi gyara ba. Da yawa sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka goge fayil ɗin da hannu, bayan an shigar da lambar ceto ta BitLocker.

Hanyar facin kanta abin hari ce. A watan Maris na 2019 kamfanin tsaro na Kaspersky ya bayyana cewa masu kutse sun gurɓata ASUS Live Update, manhajar sabunta kwamfutocin ASUS, suka raba mugun shiri ɗauke da sahihin sa hannun ASUS.

Komawa baya

Direba yana da sauƙin mayarwa, domin Windows na riƙe tsohon. Famwe ba haka yake ba. Masu ƙera kwamfutoci sukan hana komawa tsohuwar fitowa da gangan, saboda in an bar ƙofar a buɗe, mai kutse zai mayar da na'ura kan famwe mai rauni ya shiga. Abin da ya maye gurbin komawar shi ne ceton kai: kwamfutocin kasuwanci da yawa suna ajiye kwafi na biyu da za su farfaɗo da shi idan na farko ya lalace, bisa tafarkin jagorar NIST ta SP 800-193 da ta fito a 2018.

Takardun shaidar Secure Boot da Microsoft ya fitar a 2011 wa'adinsu na ƙarewa ne daga watan Yuni zuwa Oktoban 2026, kuma na 2023 ne ke maye gurbinsu. Kwamfutar da ba ta karɓi sababbin ba, za ta ci gaba da tashi, amma za ta daina samun sababbin gyare-gyaren tsaro na matakin kunnawa. Wasu samfuran sai an sabunta famwensu kafin su karɓi takardun, waɗanda kuma masu ƙera su suka daina tallafa wa, kamfani ne zai zaɓa tsakanin ci gaba da amfani da su a haka ko sayen sababbi.