Waiwaye: Yadda aka fara tambayar magidanta kuɗin kwashe shara

Har zuwa shekarun 1970, kwashe shara a yawancin biranen ƙasashe masu tasowa aikin hukumar gari ne, da kuɗin haraji ake yin sa, kuma unguwannin masu hali ne suka fi ganin motar. Birane suka yi ta cika suna batsewa, asusun hukuma yana nan jiya i yau. A shekarun 1980, da Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya suka tilasta wa ƙasashen da bashi ya yi wa katutu tsuke bakin aljihu, sai aka koma cewa mai cin moriya shi zai biya. To, nawa magidanci zai yarda ya bayar?

Dabarar binciken, wato a tambayi mutane kai tsaye nawa za su yarda su biya, aro ce. A Amurka aka ƙirƙiro ta don ƙiyasta darajar abin da ba a sayar da shi a kasuwa. Masanin tattalin arziki Ciriacy-Wantrup ya kawo shawarar a 1947, Robert Davis ya gwada ta kan dazukan jihar Maine a 1963. Bayan malalar man jirgin ruwan Exxon Valdez a 1989, da aka yi amfani da dabarar wajen ƙiyasta ɓarnar, an yi ta musu kan ingancinta, har kwamitin masana tattalin arziki Kenneth Arrow da Robert Solow ya shimfiɗa mata ƙa'idoji a 1993. Dale Whittington da abokan aikinsa suka kai ta Haiti kan ruwan sha, da Kumasi kan banɗaki, sannan ta iso kan shara, kamar binciken Gujranwala ta Pakistan da aka wallafa a 1996.

Galibi mutane kan ce za su biya, musamman masu ilimi da abin hannu. Amma faɗa da baki ba ta cin ko sisi, kuma wanda aka taɓa karɓar kuɗinsa mota ba ta zo ba, da wuya ya sake miƙawa. A ganina wannan rashin yardar ya fi talauci tasiri, domin talakan da ake cewa ba zai biya ba ya daɗe yana biyan mai kura.

Alƙahira ta nuna haka. Shekaru da dama 'yan shara da ake kira Zabbalin suna bi gida-gida, suna hawa benaye, suna ware abin da za a sake sarrafawa. A 2003 gwamnati ta ba kamfanonin ƙetare kwangila, aka ɗora kuɗin a takardar wutar lantarki. Kamfanonin suka jera mazubai a bakin titi, gidaje da yawa kuwa suka ci gaba da sallamar Zabbalin, wato biya biyu ke nan. A Pune ta Indiya akasin haka aka yi: tun 2008 ƙungiyar masu tsintar shara ta SWaCH ke karɓar kuɗinta kai tsaye daga gidaje, da amincewar hukumar gari.

Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an bar ƙofar gida. Abin da magidanci ke iya bayarwa yakan ishi ɗaukar sharar, amma ba ya gina jujin zamani. Rahoton Bankin Duniya na 2018 ya ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kashi 48 cikin 100 na sharar birane ake kwashewa, fiye da kashi 90 na shararsu kuma jibgewa ake yi a fili ko a ƙona. Da jujin Koshe ya zabtare a Addis Ababa a Maris 2017, sama da mutum 100 ne suka mutu, kuma sharar da aka riga aka kwashe daga gidajen mutane ce ta rufta musu.