Kwarmato: yadda takardar sirri ke fita daga ofis, da inda ake kama mai fitar da ita

A bakin 'yan jarida da ma'aikatan gwamnati a Abuja, kwarmato na nufin wani na ciki ya fitar da bayanin ɓarnar da ake tafkawa a wurin aikinsa, ya kai wa wanda zai iya taka mata birki, ko hukuma ce, ko majalisa, ko gidan jarida. Mai kwarmato na iya zama akanta a ma'aikata, ko sakataren darakta, ko ma'aikacin banki, ko soja. Abin da ya raba shi da mai tsegumi shi ne ta hanyar aikinsa ya san abin, kuma yana riƙe da shaida: takardar biyan kuɗi, wasiƙar amincewa da kwangila, bidiyo, ko bayanan asusu. Ya kuma bambanta da mai kutse, wanda ke fasa kwamfutar da ba shi da izinin shiga, da ɗan leƙen asiri, wanda ke kai bayanin ga wata ƙasa a ɓoye. Idan abin ya taɓa gwamnati, takan cakuɗa ukun da gangan, domin hukuncin leƙen asiri ya fi nauyi, kuma ba mai tausaya wa wanda aka laƙaba wa shi.

Shafin kwarmato na intanet kuwa kamar akwatin ƙorafin da ake ratayewa a bakin ofis ne, sai dai shi ba mai gadin da ke ganin wanda ya jefa takarda. Yawancin irin waɗannan shafuka an gina su ne da ɗaya daga cikin manhajoji biyu, SecureDrop da GlobaLeaks, kuma aikinsu kusan iri ɗaya ne. Mai aikawa zai sauke burauzar Tor, wadda ke bi da saƙonsa ta kwamfutoci uku a wurare daban-daban, ta yadda ta farko ta san daga inda ya fito amma ba ta san inda za shi ba, ta ƙarshe kuma ba ta san mafarinsa ba. Da ita zai buɗe shafin, ya ɗora takardunsa. Ba a tambayar suna, ba a tambayar lambar waya ko imel. Shafin zai ba shi wata shaida ta sirri, jerin kalmomi a SecureDrop, lamba mai alƙaluma 16 a GlobaLeaks, kuma da ita kaɗai zai iya dawowa ya ga tambayoyin ɗan jarida ya amsa. In ta ɓace, magana ta yanke, ba mai iya dawo masa da ita. Takardun na sauka ne a kulle, kuma a tsarin SecureDrop ɗan jaridar kan buɗe su a kan kwamfutar da ba a haɗa ta da intanet sam. A Najeriya an yi irin wannan da Leaks.ng, inda mai aikawa ke zaɓar gidajen jaridar da yake so saƙonsa ya je musu.

Wanda ya sa duniya ta san irin waɗannan shafuka shi ne WikiLeaks, da Julian Assange ɗan Ostireliya ya kafa a 2006. A 2010 ya saki bidiyon jirgin yaƙin Amurka mai saukar ungulu yana harbe mutane a Bagadaza a 2007, cikinsu har da ma'aikatan Reuters biyu, sannan takardun yaƙin Afganistan da na Iraƙi, sannan wasiƙun ofisoshin jakadancin Amurka sama da 250,000. Namu ma na ciki. Wata wasiƙa ta ruwaito wata babbar jami'ar Shell tana cewa kamfanin na da mutanensa a manyan ma'aikatun gwamnatin Najeriya. Wata kuma ta ruwaito cewa Pfizer ya sa a tono laifin ministan shari'a na lokacin, Michael Aondoakaa, don ya janye ƙarar gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996. Kamfanonin biyu sun musanta. Nan ma akwai darasi ga mai karatu: wasiƙar jakada shaida ce cewa an faɗa wa jakadan magana, ba shaida ce cewa maganar gaskiya ce ba.

Inda ake kama mutane

Da wuya a ji an kama mai kwarmato don an fasa shafin da ya yi amfani da shi. Takardar ce ke tona shi, ko bakinsa.

Sojan da ya ba WikiLeaks waɗancan takardu, Bradley Manning a lokacin, Chelsea Manning a yanzu, an kama shi ne a 2010 bayan wata hira ta intanet da wani tsohon mai kutse, Adrian Lamo, inda maganar ta fito, Lamo kuma ya kai rahoto. Hukuncin shekara 35 aka yanke a 2013, sai Obama ya sassauta a 2017.

Labarin Reality Winner, ma'aikaciyar wani kamfanin da ke yi wa gwamnatin Amurka aiki, ya fi kusa da abin da ma'aikaci a Sakatariyar Tarayya zai iya faɗawa ciki. A 2017 ta buga wata takardar hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA a firintar ofis, ta aika wa jaridar The Intercept ta gidan waya. Don su tabbatar da sahihancinta, 'yan jaridar suka nuna wa gwamnati hotonta. Alamar ninki a jikin takardar ta nuna bugawa aka yi aka fita da ita a hannu. Da aka duba rajistar kwamfuta, mutum shida ne kawai suka buga ta, ita ce kuma aka samu ta taɓa yin mu'amalar imel da jaridar daga kwamfutar ofis. Ban da wannan, firintoci masu launi da yawa kan yayyafa wasu ƙananan ɗige-ɗige ruwan ɗorawa da ido ba ya gani, waɗanda ke ɗauke da lambar na'urar da rana da lokacin bugawa, kuma an gano su a hoton da jaridar ta wallafa. Shekara biyar da wata uku aka yanke mata. Rabin laifin na 'yan jaridar ne.

A ofisoshinmu abin ya ma fi sauƙi, ba sai an nemo ɗige-ɗige ba. Fayil ba ya motsi sai an rubuta a littafin rajista wanda ya karɓa da ranar da ya karɓa. Kowane kofe na wasiƙa yana da hatimin ofishin da ya karɓe shi, da kwanan wata, da rubutun hannun ogan da ya yi sharhi a gefe. Idan wasiƙa ta je ofis huɗu, hoton da ya fita kuma yana ɗauke da hatimin ɗaya daga ciki, to bincike ya taƙaita kan mutum biyar ko shida da ke wannan ofis. Sau da yawa ma gefen teburi, ko labule, ko yatsan da ya danne takardar yakan fito a hoton. Wasu hukumomin kan ba kowa kofe mai ɗan bambanci, waƙafi a nan, kalma a can, don su gane na wa ya fita.

Sai bayanan da ke ɓoye a cikin fayil ɗin kansa. Takardar Word tana riƙe da sunan wanda ya ƙirƙire ta da wanda ya taɓa ta a ƙarshe. Hoton waya yana riƙe da samfurin wayar, da lokaci, har da wurin da aka ɗauka in an bar na'urar nuna wuri a kunne. Layin waya kuma an haɗa shi da lambar NIN, kamfanin sadarwa yana da rajistar wanda ya kira wa da ƙarfe nawa. WhatsApp yana kulle abin da ke cikin saƙo, amma ba ya hana wanda ya ƙwace wayar ɗan jarida ganin lambar da ta turo. Ita kanta Tor tana ɓoye inda mutum ya je ne, ba ta ɓoye cewa ana amfani da ita. Wanda ya kunna ta a intanet ɗin ofis, ranar da takarda ta fita, shi kaɗai a duk ginin, ya kai kansa.

Shi ya sa masu sanin harkar ke cewa kada a yi komai da kwamfuta ko firinta ko intanet na ofis, kada a aika ranar da aka ga takardar, kada a kai ta shagon kwafi na bakin sakatariya inda kowa ya san kowa, kuma kafin komai mutum ya ƙirga mutum nawa ne suka taɓa ganin ta. In uku ne, babu manhajar da za ta rufa masa asiri.

Abin da doka ta ce

Dokoki biyu ne ke jan igiya. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta haramta fitar da bayanin da aka yi wa tambarin sirri, da karɓarsa ma, kuma hukuncin na iya kai wa shekara 14. Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2011, ta ce a sashe na 28 tambarin sirri kaɗai bai isa hujjar hana bayani ba, sai an duba ko yana cikin abubuwan da ita dokar ta keɓe, kamar tsaron ƙasa da binciken da ke gudana. Sashe na 27 kuma ya kare jami'in da ya bayyana, ko ba da izini ba, bayanin da yake da dalilin gaskata cewa yana nuna karya doka, almubazzaranci, zamba ko haɗari ga lafiyar jama'a. Ma'aikata ƙalilan ne suka san da wannan sashe, amma kowa na tune da rantsuwar riƙe sirrin da ya yi ranar kama aiki.

A Disambar 2016 Ma'aikatar Kuɗi, ƙarƙashin Kemi Adeosun, ta fito da tsarin ba mai kwarmato ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na kuɗin da bayaninsa ya sa aka dawo da su. Wannan tsarin ne ya kai EFCC wani gida a Ikoyi a Afrilun 2017, inda aka samu sama da dala miliyan 43 a jibge. Sai da aka yi watanni ana kai-kawo, lauyan mai kwarmaton na ƙorafi a jaridu, kafin a fara biyan sa. Matsalar tsarin ita ce manufa ce ta ɓangaren zartarwa, ba doka ce da majalisa ta yi ba. Ta yi alƙawarin lada, amma ba ta da haƙoran da za ta hana a dakatar da mutum, ko a tura shi wani lungu, ko a riƙe masa ƙarin girma. Kuma mai son lada dole ya bayyana kansa ga hukuma, ke nan ya zaɓa tsakanin kuɗi da ɓuya. Afirka ta Kudu ta yi dokar kare masu kwarmato tun 2000, Gana a 2006. Ko dokar ma ba sulke ba ce: a Agustan 2021 aka harbe Babita Deokaran, jami'ar ma'aikatar lafiya da ta fallasa badaƙalar kwangiloli, a ƙofar gidanta a Johannesburg. A nan gida, Sanusi Lamido Sanusi yana gwamnan Babban Banki ya rubuta wa shugaban ƙasa a 2013 kan kuɗin man da ya ce ba su shiga asusun tarayya ba, wasiƙar ta fita, a Fabrairun 2014 aka dakatar da shi bisa wasu zarge-zarge na daban.

Aikin jarida a tsakani

Sashe na 22 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa kafofin yaɗa labarai alhakin sa gwamnati ta yi wa jama'a bayanin abin da take yi. Sai dai yana cikin babi na biyu, wanda ba a iya kai ƙara kotu a kansa. An ba da aiki ba a ba da garkuwa ba. Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian ta Legas sun sha ɗaurin shekara guda a 1984 ƙarƙashin Dokar Soja ta 4 kan labarin naɗin jakadu. A Agustan 2018 'yan sanda suka tsare Samuel Ogundipe na Premium Times suna neman ya faɗi wanda ya ba shi rahoton Sufeto Janar kan datse ƙofar Majalisar Tarayya da jami'an DSS suka yi. A Janairun 2019 sojoji suka mamaye ofisoshin Daily Trust a Abuja da Maiduguri kan labarin shirin farmaki a Baga. Wannan na ƙarshe yana da wuyar sha'ani, domin shirin yaƙin da ba a riga an yi ba yana cikin sirrin da ke da hujja. Ba duk abin da aka rufe ne ɓarna ba.

Tantance wannan shi ne aikin edita, kuma a nan WikiLeaks ya yi tuntuɓe. A Satumbar 2011 wasiƙun jakadancin suka fita gaba ɗaya ba tare da an goge sunayen waɗanda suka yi magana da jami'an Amurka a asirce ba, jaridun da suka yi aiki da shi suka fito suka yi tir. Takardun Panama na 2016, waɗanda suka fallasa masu ɓoye dukiya a ƙasashen waje, sun bi wata hanyar: takardu miliyan 11.5 suka isa ga jaridar Süddeutsche Zeitung ta Jamus, ta raba su da ICIJ, ƙungiyar 'yan jarida masu bincike ta ƙasa da ƙasa, ɗaruruwan 'yan jarida, har da na Premium Times, suka shafe kusan shekara suna tantancewa kafin a buga kalma ɗaya.

Edita mai hankali kan fara da tambayar wa zai amfana in labarin ya fita, domin a Abuja takardu da yawa na fita ne lokacin da ake rigimar kujera, wasu kuma jabu ne da aka ɗora wa hatimin gaske. Zai gwada lambar wasiƙar da sa hannun da wasu wasiƙun ofishin, ya nemi mutum na biyu da bai san na farko ba, ya sake buga abin da ke ciki da hannunsa maimakon wallafa hoton, sannan ya ba wanda ake zargi damar magana ba tare da ya nuna masa kofen ba.

Akwai kuma dabarar da ta fi kare mai kwarmato: kada ya ba da takardar sam, ya faɗi lambar fayil da kwanan wata da ofishin da take. Ɗan jaridar sai ya rubuta wa hukumar yana neman ta a ƙarƙashin dokar 2011, ya karɓi hatimin shaidar karɓa a kofensa. Hukumar na da kwana 7 ta amsa, tana iya ƙara wasu 7 in takardun na da yawa. In ta yi shiru, doka ta ɗauke shi a matsayin ƙi, mai nema kuma na da kwana 30 ya garzaya kotu. In kotu ta samu an hana ba bisa ƙa'ida ba, tarar naira 500,000 ce, wanda kuma ya lalata ko ya sauya takardar don kada a ba da ita, ɗaurin aƙalla shekara guda ne ke jiran sa.