Tambayoyin da ake ta maimaita wa kwamitin ɗa'ar bincike na tsangayar ilimi

Na riga na raba takardun tambayoyi, za a ba ni izini yanzu?

A'a. Kafin a fara ake neman izini, kuma kwamiti ba ya sa hannu a kan aikin da aka gama. Wannan tambayar ta fi kowace dawowa, galibi ana dab da miƙa kundi.

Ai ba allura zan yi wa kowa ba, me ya haɗa ni da kwamiti?

Gaskiya ne daga binciken likitanci ƙa'idojin suka samo asali, tun daga Ƙa'idar Nuremberg ta 1947 da Sanarwar Helsinki ta 1964, har zuwa Rahoton Belmont na 1979 a Amurka, wanda ya kafa ginshiƙai uku: mutunta ɗan Adam, kyautata masa, da adalci. Amma malamar da ta soki shugaban makarantarta a hirarku, kai kuma ka rubuta maganar yadda kowa zai gane ita ce, ta cutu ko da ba a taɓa jikinta ba.

Shugaban makaranta ya amince, bai isa ba?

Bai isa ba, shi ƙofa kawai ya buɗe maka. Yaran da ba su balaga a idon doka ba sai iyayensu ko masu riƙonsu sun yarda, sannan a tambayi yaron kansa, idan ya ƙi a ƙyale shi.

Ni nake koyar da ajin da nake son yin bincike a kansa. Ya halatta?

Yana iya halatta, amma ba zan ce maka i kai tsaye ba, domin ya danganta da abin da za ka yi. Matsalar ita ce makin ɗaliban yana hannunka, kuma ɗalibin da malaminsa ya tsaya a kansa da takardar amincewa da biro zai sa hannu ko ransa bai so ba. Abin da kwamitoci kan nema shi ne wani malamin ya raba takardun ya kuma karɓa, ya rufe su a ambulan, kada ka san wanda ya yarda da wanda ya ƙi sai an fitar da sakamakon jarrabawa. Idan darasin da ka saba koyarwa ne, kowa zai zauna a aji, sai dai ba za ka yi amfani da aikin wanda ya ƙi ba. Idan kuwa sabuwar dabara za ka gwada a rabin aji, lamarin ya ƙara nauyi, za a tambaye ka abin da ka tanadar wa ɗaya rabin idan dabarar ta yi amfani. Wasu kwamitocin sukan sassauta idan nazarin don gyaran koyarwarka ne kaɗai, amma da zarar ka yi niyyar wallafawa ko sa shi a kundin digiri, ka ɗauka cewa izini ya wajaba, kuma ka nuna wa mai duba aikinka tsarin kafin ka cike fom.

An dawo mini da takarduna da gyare-gyare, an ƙi ke nan?

Kwantar da hankalinka, ba a ƙi ba. Ka gyara abin da aka nuna, musamman takardar bayanin da ka cika da kalmomin da uban ɗalibi ba zai fahimta ba, ka sake miƙawa.

Zan iya barin muryoyin da na naɗa a wayata?

Wayar da yaranka suke wasa da ita? Ka kwashe su zuwa ma'ajiya mai kalmar sirri, ka musanya sunaye da lambobi, ka goge su a ranar da ka yi alkawari a takardar amincewa.