Doguwar Motar Safa a Jigilar Ma'aikata ta Jeka-ka-dawo

Doguwar motar safa ta jeka-ka-dawo bas ce mai tsawo da tudu, wadda tun asali aka ƙera domin tafiya tsakanin gari da gari, daga baya hukumomin sufuri na Amurka da Kanada suka mayar da ita mai kai ma'aikata cikin birni da safe, ta komo da su unguwanninsu na bayan gari da yamma. A siffa ba ta da maraba da manyan motocin dare da ke tashi daga Sabon Gari a Kano zuwa kudu, waɗanda ake ce wa makapolo: ƙofa ɗaya a gaba, matakala, kujeru masu kishingiɗa bibbiyu dama da hagu, ga but a ƙarƙashin ƙafafun fasinja. A wajen aiki suka rabu. Waccan kwana take yi a hanya, wannan kuwa tafiyarta ba ta cika wuce sa'a ɗaya zuwa biyu ba, kuma fuskokin da ta ɗauka jiya su za ta ɗauka yau.

Asalin siffar

Motocin safa na farko a Amurka kusan manyan motocin kaya ne da aka ɗora wa gida, inji a gaba, kaya a kan rufi. A 1936 kamfanin Yellow Coach, wanda ke ƙarƙashin General Motors, ya ƙera wa Greyhound, kamfanin jigilar fasinja tsakanin garuruwa, wata mota da ta sauya tsarin gaba ɗaya. Aka mayar da inji baya, aka ɗaga benen da fasinja ke zama, sararin da ya samu a ƙasa ya zama ma'ajiyar kaya. Kusan duk wata doguwar mota da ta biyo baya a kan wannan tsari take.

A 1953 General Motors ya fito da PD-4104, wadda ke zaune a kan jakunkunan iska a madadin sifirin na ƙarfe, sai jijjiga ta ragu ƙwarai. Shekara guda bayan haka Scenicruiser ta fito, mai tsawon ƙafa 40 da bene mai tudu a baya, aka ƙera 1,001 domin Greyhound kaɗai. Ta yi suna, amma injinanta biyu da aka haɗa wuri ɗaya sun wahalar da kanikawa har sai da aka sauya su da inji ɗaya. Daga nan Greyhound ya fara karkata ga kamfaninsa na kansa, Motor Coach Industries, wato MCI, da ke Winnipeg a Kanada, wanda ya buɗe masana'anta a Pembina ta jihar North Dakota a 1963. General Motors ya daina ƙera motocin tafiya mai nisa a 1980, fage ya zama kusan na MCI.

Yadda ta shiga aikin jeka-ka-dawo

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu jama'ar Amurka suka yi ta ƙaura daga tsakiyar birane zuwa sababbin unguwanni na nesa, amma ofisoshi suka tsaya inda suke. Dokar manyan titunan tarayya ta 1956 ta shimfiɗa hanyoyin da suka haɗa biyun, jiragen ƙasa na fasinja kuma suna ta durƙushewa. Sai ga mutum gidansa mil 30 ko 40 daga wurin aikinsa, kuma ba tashar jirgi kusa da shi.

Bas ɗin cikin gari ba ta dace da wannan tafiya ba. An yi ta ne domin tsayawa a kowace kwana, ƙofa biyu, kujeru masu tauri, fili mai yawa na masu tsayuwa, giyarta ta ƙaramin gudu. In aka hau da ita babban titi na minti 50, inji ya yi ta kuka, fasinja ya isa ofis a gajiye. Maganin farko shi ne a yi mata kwaskwarima. Bas ɗin General Motors da ake kira New Look, wadda ta fito a 1959, an yi mata wani nau'i na bayan gari: aka toshe ƙofar tsakiya, aka sa kujeru masu dogon baya duka suna kallon gaba, da ragar ajiye jaka a sama, da giyar da ta dace da babban titi. Wannan nau'i ya yi shekaru yana aiki a New Jersey da New York. Kamfanoni masu zaman kansu kuwa sukan sa tsofaffin motocinsu na tafiya mai nisa a layukan ma'aikata, idan sun gaji da dogon zango.

Abin da ya ɗaga darajar wannan jigila shi ne ba ta hanya tata. A Disamba 1970 aka buɗe layin bas zalla a kan titin da ke shiga ramin Lincoln, hanyar da ta ratsa ƙarƙashin kogin Hudson daga New Jersey zuwa Manhattan. Dabarar mai sauƙi ce. Da safe motocin da ke fita daga birni kaɗan ne, don haka daga ƙarfe 6 zuwa 10 a ranakun aiki sai a yanki layi ɗaya daga hannun masu fita, a jera sandunan roba, a bar wa bas masu shiga. Tsawonsa mil biyu da rabi ne kawai, amma kafin annobar korona bas wajen 1,850 ne ke bi ta kansa kowace safiya. Wanda ya tsaya a bakin titin zai ga dogayen motoci hanci da wutsiya suna wucewa, ƙananan motoci kuma a gefe sun cushe ba motsi. Ƙarshen layin shi ne babbar tashar Port Authority da ke Manhattan, wadda aka buɗe a 1950, inda bas ke hawa gada su shige cikin ginin ba tare da sun taɓa titin birni ba.

Daga MC-9 zuwa D4500

An kafa NJ Transit, hukumar sufurin jihar New Jersey, a 1979, ta gaji layukan kamfanonin da suka gaza tare da tsofaffin motocinsu. A farkon shekarun 1980 ta sayi ɗaruruwan MCI MC-9, aka yi musu gyara na musamman har aka laƙaba musu suna Jersey Cruiser. A nan ne doguwar motar jeka-ka-dawo ta zama nau'i mai zaman kansa, wanda ake yin oda sabo fil daga masana'anta, ba kwance ba.

Gyare-gyaren ƙanana ne a ido, amma kowanne da dalilinsa. Allon da ke nuna lambar layi da inda aka nufa ya hau saman gilashin gaba, domin mai jira a bakin titi da duhun asuba ya gane motarsa tun daga nesa. Akwatin karɓar kuɗi ya zauna kusa da direba, tunda babu kwandasta. Aka sa maɓallin neman sauka a saman kujeru, kusa da fitilar karatu. A yawancinsu aka cire banɗaki aka maye gurbinsa da kujeru. Ƙofa mai ganye ɗaya da ke buɗewa waje ta koma mai ganye biyu a motoci da yawa, saboda motar da za ta tsaya sau 20 kafin ta hau babban titi ba ta da lokacin jiran ƙofa.

Girman motar kuwa doka ce ta yanke shi. Dokar sufuri ta 1982 ta ƙyale faɗi ya tashi daga inci 96 zuwa 102 a manyan tituna. Inci shida ba wani abu ba ne a takarda, amma ga mutum biyu da ke zaune kafaɗa da kafaɗa cikin rigunan sanyi, abu ne babba. Dokar 1991 ta ƙyale tsawo ya kai ƙafa 45, wato kimanin mita 13.7. A 1992 MCI ya fito da 102DL3, wadda daga baya aka sauya wa suna zuwa D4500. Tana da jerin tayoyi uku, nau'inta na ma'aikata yana ɗaukar mutum 57 a zaune. Ita ce ta mamaye wannan aiki fiye da shekara 20, daga New Jersey zuwa Houston, zuwa layukan GO Transit da ke kewayen Toronto. Hukumar MTA ta New York ta fara sa ta a layukanta na gaggawa a ƙarshen shekarun 1990, musamman na Staten Island, tsibirin da jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa bai haɗa shi da Manhattan ba. Daga 2011 ta ƙara da X3-45 na kamfanin Prevost, wanda aka kafa a 1924 a Sainte-Claire ta lardin Quebec, yanzu kuma mallakar Volvo ne.

Kuɗin gwamnatin tarayya ma ya yi tasiri a jikin motar. Bas babba da aka saya da tallafin tarayya dole ta yi shekara 12 ko mil 500,000 kafin a yi mata ritaya, kuma sai samfurinta ya bi ta cibiyar gwaji da ke Altoona a Pennsylvania. Akwai kuma sharaɗin cewa a harhaɗa ta a cikin Amurka. Shi ya sa gangar jikin MCI ke fitowa daga Winnipeg a ƙarasa ta a Pembina, shi ya sa kuma Prevost ya riƙa harhaɗa motocin New York a Plattsburgh.

Matsalar matakala

Tudun bene shi ne ƙarfin wannan mota, shi ne kuma rauninta. Shi ke nisanta fasinja da ƙarar taya da zafin inji, ya ba shi damar ya rufe ido ko ya buɗe kwamfuta a cinya. Amma an ɗaga benen ne domin akwatunan matafiya, ma'aikaci kuwa jakar hannu kawai yake riƙe da ita. Saboda haka but ɗin yakan tafi wayam ya dawo wayam, alhali kowane fasinja sai ya hau matakala mai tsayi ta ƙofa ɗaya tilo, ɗaya bayan ɗaya.

Ga mai lafiyar ƙafa wannan ɓata lokaci ne kawai. Ga tsoho mai sanda wahala ce. Ga mai keken guragu kuwa katanga ce, kuma ta daɗe a tsaye. Dokar kare haƙƙin naƙasassu ta 1990 ta wajabta wa hukumomin gwamnati su sayi bas da mai keke zai iya shiga, a 1998 kuma aka fitar da ƙa'idar da ta shafi kamfanoni masu zaman kansu. Maganin da aka samu shi ne na'urar ɗagawa a gefen mota. Direba zai ja birki, ya shiga ciki ya roƙi waɗanda ke zaune a kujerun wurin su tashi, ya tura kujerun su haɗe, ya sauko ya zaro na'urar daga ma'ajiyarta, mai keke ya hau, a ɗaga shi sama har tsayin bene a buɗaɗɗiyar iska, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, sannan a ɗaure keken da maɗauri. Duk wannan a gaban mutum hamsin da ke duba agogo. An cika sharaɗin doka, amma babu wanda zai so a ce kullum shigarsa mota sai ta zama abin kallo, kuma na'urar da ba a yawan taɓawa takan ƙi tashi ranar da ake buƙatarta.

A 2017 MCI, wanda kamfanin ƙera bas na New Flyer ya saya a 2015, ya nuna D45 CRT LE. An buɗe ƙofa ta biyu a tsakiyar motar, aka saukar da wani sashe na benen zuwa kusan tsayin dakalin titi, a daidai wurin da but yake a da. Mai keke ya bi ɗan gangare ya shiga da kansa, ya zauna a wannan sashe, wasu 'yan matakala kuma suna haɗa shi da sauran motar. Wannan gyara shi ne mafi ma'ana da aka yi wa motar tun bayan Jersey Cruiser, domin shi ne karon da aka yarda cewa sararin akwatuna ya fi amfani idan aka ba mutane.

Inji da kariya

Tsofaffin motocin suna amfani da injinan Detroit Diesel irin su 8V71 da 6V92, masu ƙara da hayaƙi. Series 60 mai sarrafa mai da kwamfuta ya gaje su a shekarun 1990. Ƙa'idojin hayaƙi na 2007 da 2010 sun kawo matatar toka a salansa da wani ruwa da ake fesawa domin rage guba. NJ Transit ta yi amfani da masu iskar gas, Houston ta sayi masu haɗa dizal da batir, yanzu kuma akwai masu batir zalla, ko da yake gudu a babban titi da ɗumama mota lokacin hunturu suna cin caji da sauri. Tun daga Nuwamba 2016 kowace sabuwar mota irin wannan a Amurka sai da bel na kafaɗa da ƙugu a kowace kujera.

Tsada da abokan gogayya

Jigilar tana da tsada saboda yanayinta. Mota ta cika da safe ta nufi birni, ta koma fanko ko ta yini a ajiye, sai yamma ta sake aiki. Kujera ɗaya fasinja ɗaya take ɗauka daga farkon layi zuwa ƙarshe, ba kamar bas ɗin cikin gari ba da wani ke sauka wani ya hau. Shi ya sa a 2023 kuɗin bas ɗin gaggawa a New York ya kai dala 7, na cikin gari kuma dala 2.90, kuma duk da haka sai gwamnati ta cika. Masu suka na cewa tallafin ya fi tafiya ga masu hali na bayan gari. Sai dai a cikin motar asuba akwai ma'aikatan jinya da masu gadi da masu shara, waɗanda tsadar haya ta kora nesa da birni.

Inda gadoji da rufin tasha suka ƙyale, wasu hukumomi sun koma ga bas mai bene biyu. GO Transit ta fara sa Enviro500 na kamfanin Alexander Dennis na Birtaniya a 2008, Community Transit ta yankin Seattle ma ta bi sahu. Irin wannan tana ɗaukar mutum wajen 80 a zaune, benenta na ƙasa kuma a ƙasa yake, mai keke ya shiga ta ƙofar da kowa ke shiga. Annobar 2020 ta kwashe fasinjojin layukan ma'aikata fiye da na cikin gari, tunda da yawansu ma'aikatan ofis ne da za su iya aiki daga gida, kuma ko bayan an koma, Litinin da Juma'a ba su cika kamar tsakiyar mako ba.