Wuraren buɗe ido na lardin Alpes-Maritimes

Alpes-Maritimes lardi ne a kudu maso gabashin Faransa, inda duwatsun Alps suke gangarowa har bakin Tekun Bahar Rum. Babban birninsa Nice. Yana iyaka da Italiya daga gabas, kuma ya kewaye ƙasar Monako ta tudu. Tsakanin rairayin gaɓa da tsaunuka masu dusar ƙanƙara tafiyar sa'o'i biyu ce ko ƙasa da haka a mota.

Tarihin zuwan baƙi

Ana jin Girkawa daga Marseille ne suka kafa Nice wajen shekara ta 350 kafin haihuwar Annabi Isa. Garin ya daɗe a hannun sarakunan Savoie, sai a 1860 ya koma Faransa bisa yarjejeniyar Turin da ƙuri'ar raba gardama. Garibaldi, jagoran yaƙin haɗe kan Italiya kuma haifaffen Nice, bai amince da wannan mataki ba, har yau kuma masana tarihi na saɓani kan sahihancin ƙuri'ar.

Baƙin farko ba wanka a teku ya kawo su ba. Attajiran Ingila ne da ke gudun sanyin ƙasarsu, da yawa suna fama da ciwon ƙirji, sukan zo su shafe hunturu gaba ɗaya. Da kuɗinsu aka fara gina hanyar yawo ta bakin teku a 1822, wato Promenade des Anglais, mai tsawon kusan kilomita 7 a yanzu. Cannes kuwa ƙaramin garin masunta ne har 1834, lokacin da annobar kwalara ta sa aka rufe iyakar shiga Nice, wani babban ɗan siyasar Birtaniya, Lord Brougham, ya tsaya a can, wurin ya kwanta masa a rai, ya gina gida, wasu suka bi sahunsa. Zuwan jirgin ƙasa Nice a 1864 ya ƙara cunkoson baƙi, ciki har da manyan Rasha da Sarauniya Victoria. Wannan tarihi ne ya sa UNESCO ta sanya Nice cikin wuraren tarihi na duniya a 2021. Yawon lokacin zafi bai kankama ba sai bayan 1920.

Gaɓar teku

A watan Fabrairu ake bikin jerin gwano (carnival) na Nice da bikin lemon tsami na Menton. Bikin fina-finai na Cannes, wanda aka fara a 1946, yana zuwa a watan Mayu. Grasse ta shahara da haɗa turare.

Tsaunuka

Nan ne dukiyar lardin da baƙi da yawa ke wucewa ba su gani ba. Gandun dajin Mercantour, da aka kafa a 1979, ya ƙunshi tsaunin Gélas mai tsayin mita 3,143. A cikinsa akwai kwarin Merveilles, kusa da tsaunin Bégo, inda mutanen dā suka sassaƙa zane kusan 40,000 a jikin duwatsu: ƙahonin shanu, wuƙaƙe, garmar noma da filayen gona. Yawancinsu ana danganta su da kimanin shekaru 4,000 zuwa 5,000 da suka wuce, ma'anarsu kuma ba a daidaita a kai ba. Kyarkeci ya dawo dajin daga Italiya a 1992, abin da ya haddasa taƙaddama tsakanin makiyaya da masu kare namun daji.

Ana wasan zamiya kan ƙanƙara a Isola 2000 da Auron da Valberg. Guguwar Alex ta Oktoban 2020 ta lalata hanyoyi da gadoji a kwarin Roya da na Vésubie.