Kafin a kai kwamfutar ofis fomatin: abin da za a duba idan burauza na mutuwa

Farkon wata ne, lokacin da ƙananan asibitocin da ke ƙarƙashinmu suke kawo rahotonsu na wata domin a shigar a DHIS2, manhajar da ake tattara bayanan lafiya a cikinta. Ina zaune a wani ofis a yankin Argungu, takardun rigakafi da na awon ciki sun cika tebur, sai malamar da ke shigar da bayanai ta ɗaga hannu daga kan linzami ta ce, "Malam, abin ga ya sake tahiya. Na kai rabin fom sai allo ya yi hwari." Na leƙa, sai ga hoton 'yar takarda mai ɓata fuska, a ƙarƙashinta an rubuta "Aw, Snap!". Karo na huɗu ke nan tun safe, in ji ta. Har an yanke shawara a ɗora kwamfutar bayan babur a kai wa mai gyara ya yi mata fomatin, wato ya goge komai ya sake ɗora Windows, kamar yadda aka yi bara aka dawo da ita fes, babu ko fayil ɗaya daga aikin shekara biyu.

Mu ma'aikatan lafiya mun fi kowa sanin cewa ba a ba mara lafiya magani sai an tambaye shi inda ke masa ciwo da tun yaushe. Amma da kwamfuta ta yi tari sai mu manta da wannan, mu zarce kai tsaye zuwa tiyata. Fomatin tiyata ce, kuma mafi yawan mutuwar burauza, wato manhajar shiga intanet irin su Chrome da Firefox da Edge, ba ta kai nan ba.

Tambayar farko ita ce: me ya mutu? Mutane kan ce "intanet ta ɗauke" ko "kwamfuta ta sanƙare" a kan abubuwan da ba su da alaƙa da juna. Wani lokaci shafi ɗaya ne ya mutu, sauran shafukan suna nan lafiya. Haka aka gina Chrome tun fitowarta a 2008, ana ware wa shafuka ɗakunansu daban-daban domin in gobara ta tashi a ɗaya kada ta ci gida duka. Wani lokaci burauzar ce gaba ɗaya ke rufewa, ka tsinci kanka a fuskar Windows. Wani lokaci kuma kwamfutar ce da kanta ke daskarewa, linzami ba ya motsi, ko allo ya yi shuɗi, ko ta kashe kanta ta sake tashi. Na farko yawanci matsalar shafin ne ko ƙarancin RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai. Na biyu a nemi laifin a jikin burauza da abubuwan da aka liƙa mata. Na uku kuwa ya wuce burauza, a duba zafi da wuta da ƙarfen kwamfutar.

Akwai kuma waɗanda ba mutuwa ba ne sam. In ka ga ɗan hoton dabbar nan ta dainaso, data ce ta ƙare ko sabis ya yi ƙasa, ka duba modem ko wayar da ke ba ka intanet. In kuma burauza ta ƙi buɗe kowane shafi tana cewa agogonka na baya, dubi kwanan watan da ke kusurwar dama ta ƙasan allo. Tsofaffin kwamfutocin girke na gwanjo, irin waɗanda suka cika ofisoshinmu, suna da ɗan batir zagayayye kamar kwabo a kan babban allon cikinsu, lambarsa CR2032. In ya mutu, duk sanda aka zare wuta agogo sai ya koma shekarun baya, shafuka masu tsaro kuwa ba sa yarda da agogon da ya ɓata. Batirin ana samun sa a shagunan masu agogo, canza shi ba ya cin minti biyar.

A ranar da nake ba ku labari, ƙarƙashin "Aw, Snap!" akwai ƙaramin rubutu da ba wanda ya kula da shi: "Out of Memory". Ma'anarsa RAM ta cika. RAM ita ce tabarmar da kwamfuta ke baza aikin da take yi a yanzu, ba rumbun da take ajiye fayiloli ba. Tabarmar wannan kwamfuta gigabait 4 ce, Windows ta riga ta cinye kaso mai tsoka tun kafin a buɗe komai. Na ƙirga shafukan da ke buɗe a saman burauzar, sun haura ashirin: WhatsApp na kwamfuta, Facebook, YouTube da aka tsayar da wani wa'azi tun jiya, akwatin imel biyu, da shafukan da ita kanta malamar ba ta san wa ya buɗe su ba. Ga Excel kuma a gefe da fayil uku.

Ga yadda ake ganin wannan da ido. Kana cikin Chrome ko Edge, danna Shift da Esc tare, wani ƙaramin allo zai fito ya jera kowane shafi da yawan RAM ɗin da yake ci. In kana son ganin na kwamfutar duka, Ctrl da Shift da Esc ne. Muka rufe duk abin da ba aiki ba, muka bar shafi uku, muka kunna "Memory Saver" da ke sashen "Performance" a saitin Chrome, wanda ke kwantar da shafukan da aka daɗe ba a taɓa ba. Ta yi aiki har azahar ba tangarɗa. In ofis na da hali, ƙara RAM zuwa gigabait 8 shi ne gyaran da ya fi kowanne amfani ga tsohuwar kwamfuta, sai dai a tafi da lambar samfurin kwamfutar domin DDR3 ba ta shiga ramin DDR4.

Wani abin da ke ceton rai: in shafi ya rufe bisa kuskure, Ctrl da Shift da T na dawo da shi. Sai dai abin da aka rubuta a fom ba a tura ba, ba lalle ya dawo ba.

Bayan azahar sai burauzar ta rufe gaba ɗaya, ba sallama. Wannan wata cuta ce daban, kuma a nan na fi son a tsaya a fahimta, domin nan ne aka fi cutar mu. Akwai ƙananan manhajoji da ake liƙa wa burauza, masu kwamfuta suna kiransu ekstenshan. Wasu da amfani, wasu kuwa sun shigo ne a ɓoye a bayan wani abu da aka sauke kyauta: manhajar sauke bidiyo da aka fasa, mai juya PDF, mai alkawarin "hanzarta kwamfuta". Alamarsu ita ce shafin farko ya canza da kansa, talla na faɗowa ko'ina, ko ka nemi abu a Google ka ga an kai ka wani wurin da ba ka sani ba. Kwamfutar ofis kowa na taɓa ta, har da yaran da ke zuwa duba sakamakon jarrabawa da yamma, don haka ba a rasa irin wannan kaya a cikinta.

Gwajin mai sauƙi ne. Danna Ctrl da Shift da N, taga mai duhu za ta buɗe. A wannan taga ekstenshan ba sa aiki sai wanda aka ba izini na musamman. Yi aikinka a ciki na ɗan lokaci. In ba ta mutu ba, ka kama ɓarawo a unguwa, saura gano gidansa. Rubuta chrome://extensions a wurin adireshi, kashe su duka, sannan ka riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya kana gwadawa. Wanda ka kunna ciwon ya dawo, cire shi. Wanda ba ka san wa ya saka shi ba ma, cire shi. Masu Firefox su shiga "Help" su zaɓi "Troubleshoot Mode", aikin ɗaya ne. A kwamfutar malamar mun samu guda bakwai, biyar ba wanda ya san amfaninsu.

Ina jaddada ɗaya bayan ɗaya, domin kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya canza abu biyar a lokaci guda. In ta gyaru bai san wanne ya yi aiki ba, in ta ƙara lalacewa bai san wanne zai mayar ba. Kamar a haɗa wa yaro magani huɗu ne a rana ɗaya, ƙuraje su feso masa, a rasa na dainawa.

In an cire ekstenshan abin bai daina ba, musamman in mutuwar na zuwa ne lokacin kallon bidiyo ko buɗe taswira, ko allo na walƙiya yana yin baƙi, to a shiga saiti, sashen "System", a kashe "Use graphics acceleration when available", a rufe burauza a sake buɗewa. Wannan saiti yana miƙa wani ɓangare na aikin zane ga na'urar hoto ta kwamfutar, kuma in manhajar da ke tuƙa na'urar ta tsufa, nan ake yin karo.

Sai maganar share tarkacen da burauza ke tarawa, da Ctrl da Shift da Delete. Yana taimakawa in shafi ɗaya ne ke yawan rikicewa. Amma 'yan'uwana masu shigar da bayanai, ku yi hattara a nan. In sabis ya ɗauke kana tsakiyar aiki, DHIS2 kan ajiye abin da ka shigar a cikin burauzar, ta jira sabis ya dawo ka tura. Ka share bayanan shafuka kafin ka tura, aikin ya tafi ke nan. A tabbatar komai ya hau tukuna. Sannan kada a saka alama a akwatin kalmomin sirri sai in an rubuta su a wani wuri amintacce. Na san ofishin da aka yi kwana uku ana jiran a sake buɗe musu asusu saboda burauza kaɗai ta san kalmar sirrinsu. In duk wannan bai yi ba, akwai "Reset settings" a Chrome da "Refresh Firefox" a Firefox. Dukansu suna mayar da burauza kusan sabuwa, suna barin kalmomin sirri da shafukan da aka yi wa alama.

Tsufan manhaja ma cuta ne, kuma wannan ya fi shafar mu a nan. Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, amma har yau ina cin karo da ita a ofisoshi. Chrome 109, wadda ta fito a Janairun 2023, ita ce ta ƙarshe da ke hawa Windows 7 da 8.1, Firefox kuma ta tsaya musu a 115. Shafukan intanet suna ta canzawa, burauzar tana tsaye wuri ɗaya, dole wata rana su kasa jituwa. Internet Explorer an yi mata ritaya a 15 ga Yunin 2022, kada a ɓata lokaci a kanta. Windows 10 ma wa'adinta ya cika a 14 ga Oktoban 2025. Wanda kwamfutarsa ke iya ɗaukar sabuntawa ya shiga "Help", sannan "About Google Chrome", za ta sabunta kanta. Na san ana kashe sabuntawa saboda tsadar data, kuma ban ga laifin mai tattali ba, amma a ware rana ɗaya a wata a yi ta.

In kuwa kwamfutar ce ke kashe kanta, ku sa hannu a bayanta ku ji. A watan Afrilu zafin Birnin Kebbi kan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta yi wata uku tana shiga ta ramukan iska. Na taɓa buɗe wata a yankin Yauri, ƙura ta yi kamar auduga a kan fanka, har da gidan zanzaro a kusurwa. Burauza na cikin manhajojin da suka fi sa kwamfuta aiki, shi ya sa ake ɗora mata laifi alhali zafi ne. A kashe, a zare waya daga bango, a buɗe murfin gefe, a fita da ita waje a hure da abin hura iska, a riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa. Ba ruwa, ba jiƙaƙƙen tsumma. A ɗaga ta daga ƙasa, a matsar da ita daga jikin bango, kuma a cire ƙyallen da ake lulluɓe ta da shi kafin a kunna. Wuta mai rawa, ta janareto ko ta sola da batirinta ya yi sanyi, tana lalata fayilolin burauza in ta ɗauke ana tsakiyar aiki, don haka ƙaramin UPS, akwatin batirin nan da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke, ba almubazzaranci ba ne. In ana zargin RAM ɗin ce da kanta ta samu rauni, a rubuta mdsched a wurin bincike na Windows, kwamfutar za ta sake tashi ta gwada ta.

In an bi duk waɗannan ba a dace ba, to a kai wa mai gyara, amma a je da takarda: rana da lokacin da ta mutu, shafin da ake kai, da rubutun da ya fito a allo, ko a ɗauke shi hoto da waya. Chrome na ajiye jerin mutuwarta a chrome://crashes in an kunna aika rahoto, Firefox kuma a about:crashes. Kafin a ɗora ta a babur a kwafe fayiloli a filashi biyu, a kuma gaya wa mai gyaran baki da baki cewa kada ya goge komai sai ya kira.

Tamu dai ba ta hau babur ba. Kafin la'asar malamar ta gama shigar da rahoton asibiti goma sha ɗaya, saura na mutum biyu da ba su kawo takardunsu ba. Da zan fita ta ce, "Malam, to yaran nan masu zuwa da marece hwa?" Muka buɗe musu asusun Windows na daban wanda ba shi da ikon saka manhaja, ta rubuta kalmar sirrin nata a bayan littafin rajista ta kulle a durowa.